Rage Hoto Ba Ɓata Fuska Ba Ne

A Kaoje ta ƙaramar hukumar Bagudo, dab da iyakar Benin, hoton ɗalibi guda da aka ɗauka da waya kan kai megabait 3, alhali shafin rajistar jarrabawa ɗan ƙarami yake karɓa. Mai shagon kwamfuta da ke rage hotuna ɗaya bayan ɗaya, man janareta kawai yake ƙonawa, tunda manhaja irin IrfanView tana rage na aji guda a tashi ɗaya. Wasu kan ce ragewa na dusashe fuska. Ai ɓarnar sai an danne hoton asali, shi ya sa ake zuba ƙananan kwafin a jaka daban. Masu shaguna, ku adana na asalin, domin wanda aka rage ba ya komawa yadda yake.