Majalisa Da Baitulmalin Jama'a



Dukkanmu mun san Lugard Hall a nan Kaduna, zauren da wakilan Jihar Arewa suka zauna a dā, inda Majalisar Dokokin Jihar Kaduna take zama yau. Babban aikin wannan zaure shi ne tsaron baitulmali. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora mata amincewa da kasafin kuɗi, sashe na 125 ya wajabta wa Babban Mai Binciken Kuɗi kai mata rahoto, na 128 kuma ya ba ta ikon bincike.

To, yaya aka riƙe wannan amana? A 1981 majalisar da NPN ta rinjaya ta tsige Gwamna Balarabe Musa na PRP, bayan ta daɗe tana ƙin amincewa da kwamishinoninsa. Can gabar jam'iyya ce ta yi aiki. A 2024 kuwa kwamitin majalisa ya zargi gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i da karkatar da Naira biliyan 423, zargin da ya musanta. Amma ba a buɗe takardun ba sai kusan shekara guda bayan saukarsa. Ihu bayan hari ke nan.

Bukatarmu ita ce a riƙa duba rahoton mai bincike kowace shekara, a bainar jama'a, gwamna yana bisa kujera, ko ɗan wace jam'iyya ne. Kuɗin nan na maganin asibiti ne da albashin malamai. Gobe kuma mu ne akawunan da za su sa hannu a takardun biya, mu za a kira a tambaya.