Lissafin Kalori ga Mai Bin Tsarin Keto na Zagaye



Yau za mu tattauna kan keto na zagaye. A wannan tsari mutum yakan ƙaurace wa tuwo da shinkafa da doya da burodi na kwana biyar ko shida, ya dogara da ƙwai da kifi da nama da ganye da mai, sannan ya koma wa abinci mai sitaci kwana ɗaya ko biyu. Asalin keto magani ne, tun 1921 aka fito da shi a asibitin Mayo na Amurka don masu farfaɗiya. Yanzu masu rage ƙiba sun rungume shi, wasu na zaton ba ruwansu da lissafi. Ba haka ba ne.

Ku ɗauko biro da takarda mu lissafa kalorin da jiki ke ƙonawa a yini. Ka ninka nauyinka na kilo sau 10, tsawonka na santimita sau 6.25, ka haɗa. Daga nan ka ninka shekarunka sau 5 ka ɗebe. Namiji ya ƙara 5, mace ta ɗebe 161. Misali, namiji ɗan shekara 30 mai kilo 80 da tsawon santimita 175 zai samu kusan kalori 1,750. Wannan shi ne abin da jikinsa ke ƙonawa ko da kwance ya wuni. Idan aikinsa na zama ne, ya ninka sau 1.2. Idan yana motsa jiki kwana uku zuwa biyar a mako, sau 1.55, wato kusan 2,700.

To, ga inda gizo ke saƙar. Da mako ake yin lissafin, ba da yini ba. Wanda ya rage kalori 500 kullum na kwana biyar ya tara 2,500. In ya saki jiki ya ƙara 1,250 a kowace rana cikin ranakun sitaci biyun, wahalarsa ta tafi a banza. A kula da mai kuma, don cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ya kai kalori 120.

Masu ciwon suga ko na ƙoda, da masu juna biyu, da masu shayarwa, don Allah kada ku fara sai kun ga likita. Allah Ya ƙara mana lafiya, mu kwana nan.