Juya-Dutse: Bafataken Bakin Teku



Tsuntsun da za mu yi nazari a kansa yau ɗan ƙarami ne, tsawonsa bai wuce santimita 24 ba, ga gajeren baki mai kauri da ƙafafu ruwan lemo. Masana suna kiransa Arenaria interpres, amma mu bari mu laƙaba masa suna daga sana'arsa, watau Juya-dutse. Domin kuwa haka yake neman abinci a gaɓar teku mai duwatsu: ya cusa baki ƙarƙashin tsakuwa ko ciyawar ruwa, ya kifar da ita, ya tsince ƙwari da ƙananan ƙaguwa da suka ɓuya.

Mahaifarsa ita ce can ƙuryar arewacin duniya, kamar Girinlan da Sibiriya da arewacin Kanada. A watan Yuni macen takan saka ƙwai 4 a ɗan rami bisa ƙasa, su ƙyanƙyashe bayan kamar mako 3. Kafin ƙanƙara ta sauko sai su yi ƙaura kudu, waɗansunsu har gaɓar Muritaniya da Gana, kuma yawanci kowane yakan koma bakin ruwan da ya sauka bara.

To, da me ɗan tsuntsu yake yin wannan doguwar tafiya? Guzurinsa kitse ne, wanda yake tarawa kafin tashi. A shekarar 2009 masu bincike a Ostareliya sun ɗaura wa waɗansu 'yar na'ura a ƙafa, suka gano sun yi kilomita 7,600 zuwa Taiwan cikin kwana 6 ba sauka. Amma kitse yana ƙarewa, tilas a yada zango a sake tarawa. Saboda haka rayuwarsa ta dogara ga jerin zanguna, tamkar ayarin fatake: in rijiya ɗaya ta ƙafe, tafiya duka ta lalace.

Abin da ke faruwa ke nan. Ana cike gaɓar teku ana gine-gine, yawansa yana raguwa, har a 2024 ƙungiyar IUCN ta sa shi cikin tsuntsayen da suka kusa shiga haɗari. Ku da za ku sa hannu a takardun rabon filaye, ku tuna cewa dausayi ko gaɓar da kuke gani kamar wofi, masauƙin baƙo ne.