In boksi ta mace a hanya

Ku masu tsohuwar boksi da ke kai awaki daga Mai Wurno zuwa kasuwar Sinja, in mota ta fara shaƙewa ta mace, dabbobi na haki a baya, kada ku yi saurin kwance kafireta. Ku cire tiyon da ke kai mata mai, ku sa bakinsa a gora, yaron mota ya murza makulli. Fetur ya taho da ƙarfi? To, sai a koma kan kafireta. In ɗigo yake yi, ku duba filta, don man jarka ba ya rasa ƙasa da ruwa. Da tsakar rana kuwa zafi kan tafasa mai a cikin famfo. Ku ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma, ku ɗan jira. Mai shan sigari dai, don Allah ya matsa can nesa.