Ina Za a Jefa Leda Mai Ruɓewa?

Batun yau shi ne leda mai ruɓewa, wato wadda ake yi da sitacin masara domin ta zama taki. Akasarinta ba ta ruɓewa sai a masana'antar taki, inda ake tsare zafi da danshi na makonni. A birnin Milan na Italiya ana tara ragowar abinci a cikinta a kai can, amma a Ingila ƙananan hukumomi da dama suna umartar a jefa ta cikin sauran shara. Kwandon robobin da ake narkarwa a sake sarrafawa kuwa, kada a saka ta ciki, domin tana gurɓata su. Kada a saka ta.