Daɗewa a Sararin Samaniya da Abin da ke Riƙe Ta



A ranar 12 ga Afrilu, 1961, Yuri Gagarin ya kewaya duniya sau ɗaya ya sauko, tafiyar tasa duka minti 108. Bayan shekara 33, a watan Janairun 1994, likita Valeri Polyakov ya hau tashar Mir ta Rasha, bai dawo ba sai Maris na 1995, bayan kwana 437. Har yau babu ɗan sama jannatin da ya kai shi a tafiya guda. Idan kuwa aka haɗa tafiye-tafiye, Oleg Kononenko ke gaba da kwana 1,111.

Zaman can yana cin jiki. Inda babu nauyi, tsoka tana saki, ƙasusuwan da ke ɗaukar jiki kuma suna zubar da kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsu kowane wata. Shi ya sa ake tilasta wa 'yan sama jannati motsa jiki na kimanin awa biyu kullum. Polyakov ya so ya nuna cewa mutum zai iya jure tafiya zuwa duniyar Mars, don haka da ya sauka ya taka da ƙafarsa daga kumbo zuwa kujerar da aka ajiye masa.

Na'urori sun fi mutum daɗewa. Motar bincike Opportunity an tsara ta ne don kwana 90 a Mars, amma ta yi aiki daga 2004 har 2018, sai da guguwar ƙura ta rufe mata hasken rana. Kumbon Voyager 1 an harba shi tun 1977. A ƙarshen 2023 kwamfutarsa ta fara aiko da saƙo marar ma'ana. Umarni daga ƙasa yana ɗaukar fiye da awa 22 kafin ya isa gare shi, duk da haka injiniyoyin NASA suka gano ɓangaren da ya lalace, suka sauya wa umarnin wurin zama, ya dawo daidai a 2024.

'Yan uwa, sunan mutum ɗaya ko kumbo ɗaya ake rubutawa a tarihi, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Polyakov ya rayu ne da abinci da ruwan da ake aika masa daga ƙasa. Voyager kuwa, waɗanda suka ƙera shi da yawa sun yi ritaya ko sun rasu, masu kula da shi a yau sun gaji ilimin ne daga bayanan da magabata suka rubuta suka bari.

Aikinmu na koyarwa ma doguwar tafiya ce. Malami ba zai daɗe yana amfanar ɗalibai ba sai ana biyan haƙƙinsa a kan kari, ana sabunta iliminsa. Mu kuma da muka jima a aji, wajibi ne mu rubuta abin da muka sani, mu ja sababbin malamai a jiki, kada ilimin ya yi ritaya tare da mu.

Allah Ya ƙara mana juriya.