Muryar Da Aka Yi Wakafi Da Ita: Aliyu Namangi Da Subbulakshmi



Duk wanda ya taɓa zaman jiran mota ta cika a tashar Jibiya, ko ya bi ta Magama zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, ya san wata murya. Makaho ne da ɗan jagoransa, ya tsaya a bakin taga ya ɗauko baitocin wa'azi, sai ka ga ɗan kasuwar da ke ta hayaniyar canji ya yi tsit, hannunsa ya nufi aljihu. Sau da yawa Imfiraji ake rerawa, amma da wuya wani fasinja ya tambayi wanda ya tsara shi.

Malam Aliyu Namangi ne, mutumin ƙasar Zazzau. An haife shi wajen 1894, ya rasa ganinsa tun yana ƙanƙane, ya rasu a 1990. Da kunne ya yi karatu, a gaban malaman Zariya, kuma a ka yake tsara baiti, ya riƙe shi, sannan ya shifta wa mai rubutu. Haka aka sami Imfiraji, wanda aka buga kashi tara a Zariya: tauhidi, begen Manzon Allah (SAW), mutuwa da kwanciyar kabari, hisabi, da ɗokin ziyarar Madina. Sunan daga Larabci yake, ma'anarsa yayewar ƙunci. Daga baya Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, shi ya sa ake ce masa Dakta. Mutumin da jama'a za su iya ajiyewa a sahun masu bara, sai ga ɗaliban jami'a suna rubuta kundin digiri a kan baitocinsa.

A can kudancin Indiya an yi wata mata da labarinta ya yi kama da wannan, duk da nisan ƙasa da bambancin addini. Sunanta M. S. Subbulakshmi, 'yar addinin Hindu, an haife ta ranar 16 ga Satumba 1916 a birnin Madurai. Mahaifiyarta makaɗiyar vina ce, wani abin kiɗa mai tsirkiya da ya fi garaya girma nesa. Gidansu na matan da suka gaji yi wa haikali hidima da waƙa ne, kuma a lokacin masu ji da asali suna yi wa irin waɗannan gidaje kallon raini, kusan yadda wasu a nan ke ƙin bai wa ɗan maroƙi aure. Tana 'yar shekara 10 aka ɗauki muryarta a faifai. A 1940 ta auri Sadasivam, ɗan jarida kuma ɗan gwagwarmayar neman 'yanci, wanda ya riƙe ragamar harkokinta har ƙarshen ransa.

Mu nan da aka ce waƙar Indiya, sai hankali ya tafi kan Lata Mangeshkar da Muhammad Rafi da finafinan da suka cika silima a Kano da Katsina. Waƙar Subbulakshmi wata aba ce daban. Ana kiranta Karnatik, tsohon ilimi ne da ake ɗauka baki da baki a gaban malami shekara da shekaru, kuma mafi yawan baitocinsa na ibada ne. Ita ma ta ɗan taɓa fim. A 1945 ta fito a Meera, labarin wata gimbiyar Rajasthan ta ƙarni na 16 da ta bar daular fada ta koma waƙar bauta. Fim ɗin ya karɓu, aka sake shi da Hindi a 1947, kuma daidai lokacin da kasuwarta ta buɗe ta ajiye fim, ba ta sake ba.

Daga nan rayuwarta ta koma ta karatu da bayarwa. Tana rera waƙa da Tamil da Telugu da Sanskirit da Hindi, kuma kafin ta shiga ɗaukar wani dogon zikirin addininsu sai ta zauna da masana harshen su gyara mata furuci, kalma bayan kalma, kamar yadda mai bege na ƙwarai ke kai Ishiriniya ko Burda gaban malami don kada ya yi lahani a Larabcin. Waƙar asuba da ta ɗauka a 1963 don haikalin Tirupati har yau ita ke tashin miliyoyin gidaje a kudancin Indiya, kuma kuɗin faifan ba ta ci ba, ga hukumar haikalin ta bar su. Ta yi wasanni masu yawa da abin da aka tara ya tafi asibitoci da makarantu. A 1966 ta rera waƙa a Majalisar Ɗinkin Duniya, a 1974 aka ba ta kyautar Magsaysay, a 1998 ta zama ta farko cikin mawaƙa da ta karɓi Bharat Ratna, lambar girma mafi daraja a ƙasarta. Bayan rasuwar mijinta a 1997 ba ta ƙara hawa dandamali ba, har ta mutu a Chennai ranar 11 ga Disamba 2004.

Ba an kawo labarinta don a gauraya aƙida ba. Abin da take bauta wa daban, wanda Namangi ya bauta wa daban, kuma kowannenmu ya san inda ya tsaya. Amma Bahaushe ya daɗe da sanin ɗaukar abin da ya dace daga Indiya. A Kano masu bandiri irin Ushaƙu Indiya sun ɗauki karin waƙoƙin fim suka zuba masa begen Annabi, matasa suka bi su. Sun ɗauko karin, to ina horon? Yau yaro zai shiga sitidiyo da safe, kwamfuta ta daidaita masa murya, kafin la'asar begen ya shiga wayoyi, Larabcin a karye, kuma tsakiyar yabon Manzo sai ka ji an saka sunan alhajin da ya biya kuɗin ɗauka. Wannan abin takaici ne. Namangi da ba ya gani bai yi wa baitinsa wannan gaggawa ba.

Akwai aikin da ke jiran garin Jibiya. Makafin da ke riƙe da Imfiraji a ka suna tsufa, kuma kowannensu da irin karin da ya gada, na Katsina ba ɗaya yake da na Maraɗi ba. Ɗaliban Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ba sa buƙatar abin da ya wuce waya da izinin mai waƙa. Su zo tashar Jibiya ranar kasuwa, su zauna da Sarkin Makafi, su ɗauki muryoyin, su rubuta wa ya koya wa wa, kuma su biya mai waƙar hakkinsa kafin su tashi.